Kilo Tara da Rabi

Malam Modi mai yankan tikiti, can bayan Gawon Nama,
ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa:
ga cikin jirgi, an tsaga shi kamar kifin Rima,
kujeru a jere kamar haƙoran masara.
Ya ce, Luba, zaɓi uku ne.

Na ɗaya cinyarki.
Za su ba ki ɗan bel ki sarƙa a naki,
ke da shi ku zama ƙulli guda
tun daga Abuja har ƙasar da rana ke riga mu gani.
Kusan kyauta ne, in ji shi.
Na ce, wanda bai taɓa riƙe Haliru ba
shi ke kiran cinya kyauta.

Na biyu wani ɗan gado da ake maƙalawa a bango,
layin gaba, dab da labule.
Sai an roƙa da wuri,
kuma sai yaro bai haura kilo goma ba.
In iska ta jijjiga jirgin
a ce ɗauke shi, ko yanzu barci ya sace shi.

Na uku kujerarsa shi kaɗai.
Ya rubuta kuɗin a bayan ambulan.
Na karanta sau biyu, na kife takardar.
Keken ɗinkina da na maƙwabciyata,
a haɗa da akuyar Inna, ba su kai hannun kujerar ba.

Na ce, goyo fa?
Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Da la'asar na bi ta Kara.
Na roƙi mai shinkafa aron sikeli.
Ya kaɗe tsaba, ya shimfiɗa buhu,
muka aza Haliru yana cin yatsan ƙafarsa.
Allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya:
tara da rabi.
Mai shinkafa ya ce, nawa za a bar mini?

Saura mako uku.
Rabin kilo ne tsakanina da hutun hannu.

A gida Inna Ige ta ji labarin gadon bango.
Ta ce, wanga ɗa ba hwaihwai ba ne
da za a rataye shi ga gina.
Ku tahi ke da biɗar mijinki, ku bar man shi,
bayana bai da awo.
Tun ranar kunun gyaɗa ya ƙara kauri.
Na kama ta da asuba tana zuba masa man shanu,
ta ce tari take magani.
Ban ji ya yi tari ba.
Ban hana ta ba.

Ɗahiru ya kira daga can, dare gare shi, mu muna magariba.
Bai taɓa jin nauyin ɗansa ba,
a waya ya ga suna, a waya ya ga haƙorin fari.
Ya ce, ki zaɓi mai sauƙi.
Ya ce, kumatun nan, me kuke ba shi?

Jiya da aka ɗauke wuta
na jawo kujerar roba tsakar gida,
na zaunar da Haliru a cinya,
na ɗaure mu da majanyi, na ce mun tashi.
Awa goma sha huɗu, a gwada.
Minti arba'in ya ba ni
kafin ya bankare, yana miƙa hannu bayana,
inda ya san duniya take.

Inna ta taso ba magana,
ta kwance mu, ta sunkuya.
Ya hau kamar mai komawa ɗakinsa.

Wani jirgi ya wuce ta wajen Boɗinga, ƙyal, ƙyal.
Ban san wa ke riƙe da wa a cikinsa ba.
Gobe zan koma wurin mai shinkafa.